Yadda ake gane murjani mai ciwo, da yadda ake wanke kayan nutso don kada a yaɗa cutar

Shekara tara na yi ina aikin nutso a Bahar Maliya, a garin Hurgada na ƙasar Masar. Karatu ne ya kai ni Alƙahira, neman abin sakawa a bakin salati ya gangara da ni bakin teku. Da wankin kaya na fara, ina ɗauraye rigunan Turawa masu yawon buɗe ido, har Allah ya sa na samu takardar jagorantar masu nutso. Yanzu na dawo gida Maradi, ga kuma ɗan yayata ya samu irin wannan aiki, yana jiran takardun tafiya. Kullum bayan la'asar muna tsakar gida a unguwar Zariya, ni da shi da bokitai huɗu. Ƴan fada suna leƙowa suna dariya, wai Kawu yana koyar da teku a garin da gulbinsa ma sai damina yake ganin ruwa. Su yi ta yi. Rabin aikin nan a tudu ake koyonsa, kuma abin da nake nuna masa shi ne na rubuta a nan don duk wanda hanya za ta kai shi.

Murjanin da ke wuyan iyayenmu mata, in dai na gaske ne, ƙashin wata dabbar teku ce da ake cirowa daga Bahar Rum. Wanda masu nutso ke biyan kuɗi su gani ɗan'uwansa ne. Ƙananan dabbobi ne da ke zaune dubbai wuri guda, suna gina gidan farar ƙasa mai tauri, su kuma su lulluɓe shi da jikinsu, fata siririya da kaurinta bai wuce ƴan milimita ba. A cikin fatar akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, su ke ba shi launi, su ke ba shi mafi yawan abincinsa. Manyan dunƙulallun nan ba sa ƙara abin da ya wuce kamar santimita 1 a shekara. Wanda ya kai maka ƙirji ya girmi kakanka.

A 2014 wata cuta ta ɓulla kusa da Mayami, a jihar Fulorida ta Amurka, wadda ke saɓule fatar murjani mai tauri ta bar ƙashi tsirara. A takardu ana taƙaita sunanta da SCTLD. Tana kama iri fiye da 20, kuma dunƙulen da ya yi shekaru ɗaruruwa tana iya gamawa da shi cikin makonni ko ƴan watanni. Ta isa Jamaika da Meksiko da Beliz, ta bi tsibiran Karibiyan ɗaya bayan ɗaya. Ga inda ta taɓa aljihun irinmu: a ƙarshen 2019 hukumar Meksiko ta rufe Palankar da Kolombiya, fitattun wuraren nutso na tsibirin Kozumel, na fiye da wata biyu. A 2020 an rufe wuraren nutso masu yawa a arewacin babban tsibirin Kayman. A 2023 tsibirin Boner ya raba wurarensa da launi, kore da ruwan lemo da ja, ya hana shiga wasu ɗungurungum. Ranar da aka rufe wuri jirgi ba ya fita, ranar da jirgi bai fita ba babu ladan jagora, babu ɗan alherin da baƙo ke miƙawa. In kuwa murjanin ya mutu gansakuka ta hau, ƙashin ya rududduge, kifi ya watse, baƙi sai su sayi tikitin wata ƙasa.

Kayan aiki

Na wanki:

Bokiti ko baho huɗu na roba, kowane ya ɗauki aƙalla lita 20. Ka rubuta wa kowane sunansa da fenti. Kada ka yi amfani da na ƙarfe.

Ruwan jabel na gida, wanda ake faranta tufafi da shi, da sirinji babba na awo.

Garin Virkon S, ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka yarda ba ya cin roba. Masu kiwon kaji sun san shi, da shi ake feshin ɗakin kaji, saboda haka ka tambaya wurin masu sayar da maganin dabbobi.

Sabulun ruwa na wanke kwanoni mai kashe ƙwayoyin cuta, alkol na farmasi, tsohon buroshin haƙori, safar hannu ta roba, agogo, da bido mai murfi na tara ƙazamin ruwa.

Na cikin ruwa:

Tocila mai jure ruwa, allon roba da fensir, ƙaramar rula, da kyamara ko da mai araha ce. In ka samu katin launin murjani na CoralWatch, wanda jami'ar Kwinslan ta Ostireliya ta fito da shi a 2002, ka riƙe shi da kyau. In ba ka samu ba, hoto ya wadatar.

Sauran kayan jiki wurin aiki zai ba ka: tukunyar iska, abin shaƙa da ake kira regileta, rigar iska da ake hurawa don daidaita kai cikin ruwa, rigar roba, tabaran ruwa, takalmin roba, ƙafar agwagwa, ɗamarar dalma da agogon nutso. Ka haddace sunayen, don kowane da bokitinsa.

1. Ka iya tsayuwa cikin ruwa tukuna

Iya ruwa fidda kai. Babu mai ba ka tukunya sai ka yi horo a ƙarƙashin ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da aka sani, irin su PADI ko SSI ko CMAS. Takardar farko ta PADI da ta SSI iyakarsu zurfin mita 18. A ta PADI sai ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ka kuma yi minti 10 a saman ruwa ba ka riƙe komai ba. Wannan kam a Maradi ma za ka iya shirya masa: ka biya kuɗin shiga pisin, wato wurin iyo na otal, ka je da wanda ya iya. Ɗan yayata ya so mu tafi tabkin Madarunfa don kyauta ne, na ƙi. Ruwan da ba ka ganin tafin hannunka a ciki ba wurin ɗan koyo ba ne, ga kuma tsoron tsargiya a ruwan da ke kwance.

Abin da ya haɗa wannan da cuta shi ne rauni. Mai nutson da bai iya daidaita kansa ba yana harbin murjani da ƙafar agwagwa, yana dafa shi da hannu, yana tayar da yashi ya rufe shi. Duk inda fatar ta yage ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Binciken da aka yi a tsibirin Ko Tawo na ƙasar Tailan, aka buga a 2014, ya samu cuta ninki uku a wuraren da masu nutso suka fi cika idan aka kwatanta da inda ba a cika zuwa ba. Don haka ka rage dalma har sai ka iya tsayawa cik a mita 5 da numfashinka kaɗai, ka kwanta miƙe kamar kifi, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa a harɗe a ƙirji. Ka maƙale duk bututun da ke lilo. Kuskuren sababbi shi ne ɗora dalma da yawa don tsoron kada su taso, sai ƙafafunsu su nutse suna sharar ƙasa.

2. Ka tambayi baƙo inda kayansa suka kwana

Wannan cutar ta Fulorida a yankin Karibiyan ta yi kaka-gida, amma baƙo yana iya nutso a Kozumel ranar Asabar, ranar Laraba ga shi gabanka a Masar da rigarsa mai ɗanshi cikin jaka. Manomi ya san yadda irin ƙuduji ke bin ƙasar da ta manne a hauya daga wata gona zuwa wata. Masana sun fi ɗora laifin yaɗuwar cutar a kan igiyar ruwa da ruwan da manyan jirage ke ɗiba su daidaita nauyinsu su je su zubar a wata tasha. Gaskiya ne. Amma igiyar ruwa ba ta hannunka, rigar baƙo kuwa tana hannunka.

Ka tambaya cikin ladabi: ina ka yi nutso na ƙarshe, yaushe, kayan sun bushe sarai? In ya fito daga wata teku, kayansa su bi ta mataki na 7 kafin su taɓa ruwa. Wasu za su ɓata rai, musamman masu tsadaddun kaya. Kada ka yi gardama da su. Ka kira mai wurin, ko ka ba su na haya na ranar farko kafin nasu su bushe.

3. Ka tsara wurare daga mai lafiya zuwa mai ciwo

Likitan dabbobi ba ya fara shiga garken da ke da ciwo sannan ya wuce na masu lafiya da takalmi ɗaya. In jirgi zai tsaya wuri biyu ko uku a yini, a fara da inda ba a ga komai ba, a ƙare da inda ake zargi. An shiga wurin ciwo, an gama ke nan na ranar, sai wanki. Wannan shi ne ma'anar launukan da Boner ya sa a 2023: daga kore kana iya zuwa ja, daga ja ba ka komawa kore da kaya ɗaya. Kuma a ɗaure jirgi a igiyar da aka kafa domin haka, kada a jefa ƙarfen tsayawa kan murjani. A Hurgada ƙungiyar HEPCA, wadda aka kafa a 1992, ita ta kakkafa irin waɗannan igiyoyi.

4. Ka duba, ka bambance fari da fari

Nan ne aikin ido, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Duk sabon mai nutso in ya ga fari sai ya ce cuta. Farin murjani kuwa iri-iri ne.

Ka tsaya kamar tsawon hannu ɗaya daga dunƙulen, ka tabbata ba abin da ke bayan ƙafafunka, ka kunna tocila ko da rana tsaka ne. Ruwa yana shanye launi, ja ne ke fara ɓacewa tun wajen mita 5, ƙasa da nan komai sai ya koma shuɗi-shuɗi. Ba tocila, za ka wuce rauni ba ka gan shi ba.

Tambayar farko: da fata ko babu?

In da fata amma launi ya tafi, wannan koɗewa ce, irin ta atamfar da ta sha rana. Dunƙulen duka ya yi fari ko ya yi haske, ba iyaka tsakanin fari da launi, sai dai a hankali ɗaya ke shiga ɗaya. Ka matso da tocila za ka ga ƴan bakunan dabbobin suna nan, garau kamar gilashi. Zafi ne ke kawo wannan: in ruwa ya ɗara zafin da ya saba yi a bazara da ko digiri 1 ya daɗe makonni a haka, murjani yana korar ƙwayoyin gansakukar jikinsa. Yana raye, yunwa yake ji. Ruwa ya huce da wuri, yana iya murmurewa. An yi irin wannan koɗewa ta duniya baki ɗaya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, aka kuma sanar da ta huɗu a watan Afrilun 2024. Murjanin da ya koɗe ya fi saurin kamuwa, saboda haka bayan zafi ka ƙara sa ido.

In babu fata, ƙashi ne tsirara mai kaushi, kana ganin ƴan ramukan da dabbobin suka zauna wayam, to ka nemi iyaka. Ka tuna gobarar daji: gaba ciyawa, baya toka, wuta tana kan layin da ke tsakani. Haka ciwon murjani yake. Gefe ɗaya fata mai launi, gefe ɗaya ƙashi, ciwon yana bakin layin yana ci gaba. Bayan layin kuma akwai agogo ga wanda ya iya karantawa. Ƙashin da aka saɓule jiya fari ne fat. Bayan ƴan kwanaki gansakuka ta fara hawa ya yi rawaya-rawaya, sannan kore, sannan ƙasa-ƙasa. In farin fat siriri ne kamar yatsa, ciwon yana tafiya a hankali. In ya kai faɗin tafin hannu ko ya fi, gudu yake yi. In babu fari sam, gansakuka ta zo har bakin fata, tsohon tabo ne, wutar ta mutu.

Yanzu ka dubi layin kansa. In akwai wani baƙin zobe ko ja mai duhu, kamar an zana da kwalli, wannan ita ce cutar baƙin zobe. An fara bayaninta a 1973 a Beliz, kuma akwai ta a Bahar Maliya, na sha ganinta a watannin zafi. Tarin ƙwayoyin cuta ne da ke shaƙe fatar, suna matsawa ƴan milimita a yini, wani lokaci har santimita 1. In layin tsaf yake ba zobe, fata tana saɓulewa kamar ƙuna, waɗannan su ne fararen cututtuka, kuma ido kaɗai ba ya raba su. Irin su ne cutar farin zobe da ta kashe mafi yawan murjani mai rassa kamar ƙahon barewa a Karibiyan tun daga ƙarshen shekarun 1970. Alamar ta Fulorida kuwa ita ce raunuka da yawa lokaci guda a dunƙule ɗaya, kamar ƙyasbi ya fesu, kuma iri daban-daban a wuri ɗaya duk sun kamu, musamman masu zane kamar ƙwaƙwalwa.

Kafin ka ce cuta, ka nemi ɓarawo. Wannan darasi da kunya na koye shi. A shekarata ta farko ta jagoranci na ga wani murjani mai rassa ya yi fari daga gindi, na fito ina haki na tara mutane a jirgi. Wani tsohon jagora Bamisire ya sake sauka da ni, ya haska gindin rassan. Ga ƴan dodon koɗi nan kusan goma a lafe, kowane bai wuce dabino ba, bayansu ya yi kalar dutse. Su ne ke kiwo da dare su ɓuya da rana. Har na bar wurin ana tsokanata da likitan katantanwa. Saboda haka ka leƙa gindi da ƙarƙashi. Akwai kuma tauraron teku mai ƙaya, faɗinsa kamar faifai, wanda ke barin babban tabo fari mai zagayayyen baki. Kada ka kuskura ka taɓa shi, ƙayarsa da dafi. Kifin aku shi ma yana gatsa, amma nasa a fili yake: ƙashin murjanin ne ke ƙwarzane, da sawun haƙora biyu. Cuta ba ta fasa ƙashi.

In ka ga leda ko zaren kamun kifi a naɗe a jikin murjani, ka duba wurin da kyau. Wani babban bincike da aka buga a 2018 kan tekunan Asiya da Ostireliya ya nuna yiwuwar kamuwa tana tashi daga kashi 4 zuwa kashi 89 cikin 100 idan roba ta manne wa murjani. Mu da baƙar leda ke rataye a kowace ƙaya a bayan gari, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wadda ke kwance sako-sako ka ɗauke. Wadda ta shige cikin rassa kada ka fizga, a yanka da almakashi.

Duk wannan kallo kada ya mantar da kai agogonka da ma'aunin iska. Na ga mutane sun shagala a kan dunƙule ɗaya har iska ta kusa ƙarewa. Ka taso tun ma'aunin yana nuna ragowar iska bar 50 a tukunya, a hankali, ka tsaya minti 3 a mita 5.

5. Ka ɗauki hoto, ka rubuta

Hoto uku: na nesa da ke nuna dunƙulen da abin da ke kewaye da shi, na dunƙulen duka, da na kusa a kan layin ciwo. A na ukun ka riƙe rula a gefe ba tare da ta taɓa ba. Babu rula, fensirinka ya isa, in dai ka san tsawonsa. A allo ka rubuta sunan wurin, kwanan wata, zurfi, zafin ruwa daga agogo, siffar murjanin, da yawan waɗanda ka gani sun kamu. Ka nemi alamar da za ta mai da kai wurin, kamar igiyar jirgi ko wani tsagin dutse. Babu kyamara, ka zana a allo. Ka koma bayan mako ka ɗauki hoto daga kusurwa ɗaya. Hotuna biyun nan sun fi duk wani rantsuwa da za ka yi cewa ciwon yana ci.

6. Ka kai rahoto, kada ka zama boka

Ka nuna wa mai wurin tun a jirgi, a aika wa hukumar da ke kula da yankin tekun. A Karibiyan akwai shirin AGRRA mai tattara rahotannin wannan cuta a taswira. A can ana magani da wani kwaɓi da aka haɗa da amoksisilin, ana shafa shi a bakin layin, kuma sau da yawa yana tsayar da raunin da aka shafa. Ɗan yayata da ya ji haka sai ya ce ai Kawu amoksisilin ko a tebur ana samu a kasuwa. Na ce ya cire wannan daga ransa. Masu izini ne ke yi, da kwaɓi na musamman da ke riƙe maganin a jikin murjani. Kada ka kankare, kada ka ɓalle reshe don ka nuna wa wani. Hannun da ya taɓa mai ciwo shi zai taɓa mai lafiya. Shi ya sa wurare irin Boner suka hana sa safar hannu, don mai safa ya fi ƙarfin halin dafa abu.

7. Wanki

Wannan shi ne aikin da ake ba sabon yaro don an raina shi, kuma shi ne wanda na fi tsananta wa ɗan yayata a kai. Awon da zan faɗa shi ne wanda hukumomin Fulorida suka fitar wa masu nutso.

Da farko ka kakkaɓe yashi da gansakuka tun a wurin da ka yi nutso. Buroshin haƙori ya shiga aljihu, zif, maɗaurai da tafin takalmi. Magani ba ya ratsa laka.

Bokiti na ɗaya, na jabel, na kayan da ba su da laushi ne: dalma, rula, allo, igiya da makamantansu. Awo shi ne kashi 1 cikin 100, wato mililita 100 na jabel cikin lita 10 na ruwa, a jiƙa minti 10. Amma ka karanta jikin kwalba. An yi wannan awo da jabel ɗin Amurka mai ƙarfin kashi 5 zuwa 8. Irin na Faransa da aka riga aka sirka kashi 2.6 ne, shi sai ka ninka, mililita 200. Mai kauri na cikin ƴar leda kashi 9.6 ne, mililita 50 zuwa 60 ya isa. Dabarata ita ce na auna da sirinji cikin kofin shayi, na yi wa wurin alama da jan farce, daga nan kofin ya zama mudu. Kada ya koma wurin masu shayi. A haɗa sabo kullum, don rana tana kashe ƙarfinsa. Abin da ke da ƙarfe kada ya wuce minti 10, jabel yana sa tsatsa. Kada ka taɓa haɗa jabel da wani maganin wanki, hayaƙin da ke tashi yana iya kai mutum asibiti.

Bokiti na biyu na rigar roba ne, rigar iska, tabarau, takalmi da ƙafar agwagwa. Jabel yana cin irin wannan roba, ya busar da ita ta tsattsage. Nan Virkon S ake sawa, giram 10 a kowace lita, minti 10. Haɗin yana yin launin ruwan hoda, in launin ya dushe ƙarfinsa ya tafi, a haɗa wani. Ka danna kayan su nutse, don rigar roba tana son tasowa, kuma ɓangaren da ke sama bai sha magani ba. Ni dalma nake ɗora mata.

Cikin rigar iska ne kowa ke mantawa. Duk lokacin da mai nutso ya saki iska, ruwan teku yana shiga jakar, ya kwanta ciki, a ɗauke shi har wata ƙasa. Ka danna maɓallin sakin iska, ka ɗura kamar rabin lita na ruwan magani ta bakin bututun, ka hura rigar ta cika, ka jujjuya ta ko'ina ya samu, ka bar ta minti 10. Sannan ka kifa ta ka zubar a bido, ka ɗura ruwa mai kyau sau biyu. Ɗan yayata da tsohuwar rigata yake gwadawa, sai da ya yi kwana uku kafin ya daina jiƙa wandonsa.

Bokiti na uku na masu tsada ne: regileta, agogon nutso, ma'auni, kyamara da tocila. Ruwa mai ɗumi da sabulun kwanoni mai kashe ƙwayoyin cuta, minti 20, sannan a goge da alkol in ana so. Hattara a nan. Ka busar da murfin kan regileta ka rufe shi gam kafin ya shiga ruwa, kuma kada ka danna maɓallin bakinsa yana jiƙe in ba a haɗe yake da tukunya a buɗe ba. Na yi wannan kuskure a watana na biyu da regiletar wani baƙo, ruwa ya bi bututu ya shige ciki. Sai da aka kai wa mai gyara, mai wurin kuma ya zaftare kuɗin daga albashina ba tare da ya tambaye ni ko an taɓa nuna mini ba. Ba a taɓa ba.

Bokiti na huɗu ruwa ne mai kyau. Duk abin da ya fito daga sauran ukun ya kwanta nan minti 10. Ka fi ba bakin regileta da cikin tabarau kulawa, ragowar magani yana ƙona leɓe da ido. Ka canza ruwan da zarar ya fara santsi.

In babu Virkon S, ka wanke kayan robar da sabulun bokiti na uku, ka tsawaita jiƙon, ka tabbata sun bushe ƙayau, kuma kada su shiga wani wurin nutso a ranar. Bai kai maganin ba, amma ya fi ɗauraya da ruwa zalla, wanda gishiri kawai yake cirewa. In ruwa ya yi ƙaranci a jirgi, ka ƙulle kayan cikin babbar leda har a iso tudu.

8. Zubar da ruwa da shanya

Ruwan magani ba ya komawa teku, ba kuma ya bin kwatar da ke zuba a teku. Abin da ke kashe ƙwayoyin cuta yana kashe murjani. Ka tara a bido. Na jabel ka bar shi a buɗe a rana yini guda ya huce, sannan a zuba inda ake zuba ruwan wanki na gidan. Kowane magani da bidonsa.

Shanya a inuwa ake yi, inda iska ke kaɗawa, don rana tana cin roba. Rigar roba a juya cikinta waje ta bushe, sannan a mai da ita. Rigar iska a bar ta da ɗan iska ciki don kada jakar ta manne. A nan Maradi da hunturu, kafin a kira magariba komai ya bushe, shi ya sa na gargaɗi yaron kada ya saba da haka. A bakin teku iska da laima take, kaya na iya kwana su tashi da ɗanshi. Takalmin roba ne ke zuwa ƙarshe. Ka zura yatsa har can wajen babban ɗan yatsa, in ka ji sanyi, ka mai da shi kan igiya.